Sammakon Gwaggo Dije

Saura kwana tara iyayen Hanif su zo sa ranar aurenmu, Umma ta shigo ɗakina ta mayar da ƙofa, ta zauna a bakin gado.

"Nabiha, an fara bincike," ta ce.

Na ajiye wayar da ke hannuna.

"An je masallacin layinmu an tambayi halin Abbanku, an je makarantar da kike koyarwa. Duk wannan bai dame ni ba, ba mu da abin kunya. Abu ɗaya nake so ki riƙe, bakinki ƙanin ƙafarki."

"Umma, Hanif fa? Ko shi kaɗai ne ki bari in faɗa masa."

"Shi ne ma na farkon wanda ba zai ji ba. Namiji ne fa. Yau yana rantsuwa ba ya iya rayuwa sai da ke, gobe ya ji kalmar farfaɗiya sai dai ki hango ƙeyarsa."

"Ai ba a ce farfaɗiya ba ce."

"Ba a kuma ce ba ita ba ce."

A nan ta fi ni gaskiya.

Wata bakwai ke nan da abin ya fara mini. Duk ranar da zai zo, a mintunan farko bayan na farka daga barci yake zuwa. Kafaɗuna su zabura, hannuwana su fizge kamar an jona mini wutar lantarki, duk abin da na riƙe ya tafi ƙasa. Wani lokacin ya yi sau biyu ya wuce, wani lokacin ya haɗa har da ƙafafuna sai na zube. Ina ji, ina gani, ban taɓa suma ba, amma jikin ba ya jin maganata. In na yi rabin awa da tashi kuwa, garau nake kamar kowa.

Asibiti uku muka je. An ɗebi jinina har na daina kallon allura, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwata, an liƙa mini wayoyi a ka na zauna tsuru kusan awa guda. Komai ya fito lafiya lau, tunda duk da rana tsaka ake gwajin, lokacin da ciwon ya tafi hutunsa. Wani likita ya ce gajiya ce. Wani ya ce in rage tunani, sai ka ce tunani famfo ne da ake murɗawa a kashe. Ta wajen malamai ma ba a bar mu a baya ba. Na sha rubutu, an yi mini ruƙiyya, an yi hayaƙi har labulen ɗakina ya sake ƙamshi. Babu aljanin da ya tanka. In ma akwai shi, to mai kunya ne.

Ba zan ci amanar Umma ba. Duk ɓoyon nan da take yi, ƙauna ce ta sa ta. Kullum bayan sallar asuba tana zaune a gefen gadona da carbi, har sai ta ga na miƙe lafiya. Ta kwashe duk kofunan gilashi daga ɗakina ta mayar da na roba. Ta hana mai aikinmu hawa sama kafin ƙarfe takwas. A gidan nan namu na Nassarawa GRA, mai dogon katanga da itatuwan darbejiya, sai ka yi shekara maƙwabcinka bai san me kake ciki ba, don haka asirin ya rufu.

Mutum ɗaya ne a waje ya sani, Yaya Ashiru, ɗan yayan Umma, shi ma don shi yake kai mu asibiti. Tun watan jiya ya samu Umma ya ce in abin ya fito mutanen can suka janye, kada ta damu, shi zai rufa mini asiri. Na gode masa har ga Allah, mutumin kirki ne. Amma ba na son a aure ni kamar ana fitar da sadaka. Kuma Hanif nake so. Shekara biyu muna tare, ban taɓa jin son wani ya ko kama ƙafar nasa ba.

Shi Hanif ɗin ne ya taɓa ba ni labarin Gwaggo Dije, yana yi yana dariya. Yayar mahaifinsa ce, ita ta riƙe mahaifin nasa, Alhaji Zakari, tun yana ɗan shekara shida da mahaifiyarsu ta rasu. A danginsu ba a sa ranar kowa sai ta je ta ga yarinya da idonta, in ta ce a'a kuwa magana ta mutu.

Umma ta shirya wa zuwanta shiri na gani na faɗa. An ɗinka mini sabon leshi, an tanadi turaren wuta, an tsara abin da za a dafa. Duk a zatonmu da yamma za ta zo, kamar kowane baƙo mai hankali. Abin da ba mu sani ba shi ne Gwaggo Dije ba ta zuwa ganin yarinya da yamma. Ta ce da yamma kowace mace kyakkyawa ce kuma mai ladabi. Ita sammako take yi.

Ranar Laraba, ƙarfe shida da 'yan mintuna, adaidaita sahu ya sauke ta a bakin get ɗinmu. An sha gaya wa mai gadinmu Malam Ɗanladi kada ya buɗe wa kowa kafin takwas, amma da ya ga tsohuwa da carbi a hannu sai ya wangale mata ƙofa. Da Umma ta yi masa faɗa daga baya cewa ya yi, "Hajiya, sa'ar uwata ce fa, ya zan bar ta a titi?" A lokacin na ji haushinsa. Yau kuwa ba na yin sallah ban sa shi a addu'a ba.

Ana hutun makaranta, na koma barci bayan asuba. Sai ji na yi ana jijjiga ni da ƙarfi.

"Tashi! Tashi, Nabiha! Gwaggonsa na falo!"

Duk duniya babu wanda ya kai Umma sanin cewa tashin firgita ya fi komai taso da ciwon nan. Amma ranar tsoro ya rufe mata ido.

"Umma, ki ba ni rabin awa," na ce.

"Rabin awa? Har ta tambaya wai ko 'yan matan GRA sai hantsi suke tashi. So kike ta koma ta ce ragguwa ce mai barcin safe?"

Ta zura mini hijabi, ta goge mini fuska da jiƙaƙƙen tawul, ta ja ni muka sauka. A ƙofar kicin ta ɗora mini tire a hannu, da fulas ɗin shayi da kofunan nan na tangaran da ba a fito da su sai an yi manyan baƙi. Garin neman gira muka rasa ido.

Na tarar da 'yar tsohuwa siririya, baƙa, zaune a ƙasa kan kafet ta miƙe ƙafa, ta ƙi hawa kujera. Na durƙusa na ajiye tiren.

"Ina kwana, Gwaggo. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yan mata. Kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

Na ji daɗi a raina, na ce yau kam Allah ya rufa asiri. Na ɗauki kofi da hagu, fulas da dama, na fara tsiyaya.

Sai ya zo.

Kofin ya yi tsalle ya bugi ƙafar tebur ya tarwatse. Fulas ɗin ya kife, shayi ya malale a kafet har ya taɓa bakin zanen Gwaggo. Kafin in ce wani abu na biyu ya biyo baya, ya fi na farko ƙarfi, na tafi ta gefe. Ina kallon hannuwana suna fizga a gaban matar da aurena ke hannunta, na kasa hana su.

Ban taɓa ganin tsohuwa mai zafin nama irin nata ba. Ta sa ƙafa ta ture teburin, ta share fasassun tangaran da gefen mayafinta, ta tallafo kaina ta ɗora a cinyarta. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta danne ni ba. Kallona kawai take yi, tana shafa goshina, har abin ya lafa.

"Innalillahi! Ruwan zafin ne ya ƙona ta," in ji Umma, tana haki. "Hajiya, ki yi haƙuri, fulas ɗin nan dama murfinsa ba shi da kyau."

Gwaggo ba ta ko dubi inda take ba. Ta sunkuyo ta ce, "Haka ne, yarinya? Ƙonewa kika yi?"

Na dubi Umma. Idanunta sun cika da hawaye, roƙona take yi da su. Kalma ɗaya ce, in ce e, a share kafet a kawo wani shayin. Amma kaina yana kan cinyar baiwar Allahn nan, hannunta na kan goshina, sai na ji ba zan iya ba.

"A'a, Gwaggo. Ba ƙonewa na yi ba. Wata bakwai ke nan yana yi mini haka in na tashi daga barci."

Umma ta zube a kujera ta rufe fuska.

"Me likitoci suka ce?"

"Ba su gano ba. Ta ƙarshen da muka gani, mace ce, ta ce abin da ba ta gani ba ba za ta sa masa suna ba. Ta ce ko dai a ɗauko mata bidiyon lokacin da yake yi, ko a kwantar da ni kwana biyu a asibiti, in farka da wayoyin gwajin a kaina."

"Aka yi wanne?"

Umma ce ta amsa, cikin kuka. "Hajiya, ke ma uwa ce. 'Ya mace, daga tashi barci, kai ba ɗankwali, in sa ta a waya? In ya fita fa? Kwanciya kuma a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, a Kanon nan da kowa ya san kowa, ana tsakiyar bincike?"

"Uhm," kawai Gwaggo ta ce.

Ta zaunar da ni, ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. Umma ta ce a kira direba ya mayar da ita Tudun Murtala, ta ce abin da ya kawo ta shi zai mayar da ita. Ta fita ba ta waiwayo ba.

Ƙofa na rufuwa Umma ta juyo kaina.

"Kin kashe aurenki da bakinki, Nabiha! Me zai ragu a jikinki in kin ce e?"

Kuka kawai nake yi. Can sai ta sauko ƙasa ta rungume ni.

"Ni ce. Ni na tashe ki. Wata bakwai ina gadin barcinki, yau da hannuna na jijjiga ki. Ki yafe mini."

"Umma, ba ki yi mini komai ba sai alheri."

Mun daɗe a haka. Da ta share hawaye sai ta ce a hankali, "Allah ya sa Ashiru yana nan."

"Don Allah Umma, kada ki kira shi. Ba yau ba."

Na hau sama na kira Hanif, don ban so ya fara ji daga bakin wani. Na faɗa masa komai, tun daga ranar farko.

"Wata bakwai, Nabiha?" Muryarsa ta sauya. "Kullum ina turo miki saƙo da safe ina tsokanarki da ragwanci don ba kya amsawa sai takwas. Ashe lokacin kina ƙasa kina fama, ni ina can ina miki dariya?"

"Tsoro nake ji kada ka guje ni."

"Wa yake kai ki asibiti?"

"Yaya Ashiru."

"Ashiru ya sani, ni ban sani ba." Ya ja numfashi. "Wannan ya fi ciwon yi mini zafi, wallahi. Ashe kallon da kike mini ke nan, mutumin da zai gudu."

"Ka yafe mini, Hanif. Sau nawa ina rubuta maka ina gogewa."

"Na yafe. Ki daina kukan nan, yana taɓa ni. Baba ya ce kowa ya hallara bayan la'asar, Gwaggo za ta faɗi abin da ta gani. Ba zan miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba, kin san Baba. Amma ni ban canza ba, kuma a gabansu zan faɗa."

Har gari ya waye bai sake kira ba. Na ce shi ke nan, an hana shi.

Washegari da na buɗe ido, bakwai ta wuce, kuma Umma ba ta gefen gadona. Na zauna na jira jikina ya gama abin da zai yi, ya ɗan zabura sau ɗaya ya bari. Na sauko a hankali. Daga kan bene na hango takalman roba a ƙofar falo.

Gwaggo Dije na zaune a inda ta zauna jiya. Umma na gefe da jajayen idanu, Abba kuma, da ya dawo daga tafiya a daren, yana kan kujera ya haɗa tagumi. Ashe tun shida ta zo, ta ce duk wanda ya tashe ni ita da shi ne.

Na durƙusa na gaishe su. Ta nuna mini kusa da ita na zauna.

"Jira nake ki sauko, don maganar taki ce, ba zan yi ta a bayan idonki ba," ta ce. "Jiya na faɗa wa Zakari abin da na gani, ban rage ko ɗaya ba. Aikin da aka aike ni ke nan. Ya ce a fasa. Ya ce ba zai shigo da ciwo cikin zuri'arsa ba. Yaron nan Hanif ya yi magana, ya daka masa tsawa ya karɓe wayarsa."

Hawaye suka zubo mini. Abba ya ce, "Hajiya, ba mu ga laifinku ba. Mu ne da laifin ɓoyewa."

"Alhaji, bari in ƙarasa." Ta juya carbinta sau ɗaya ta ajiye shi a cinya. "Ina da 'ya, Rabi. Ita ce ta fari. Da tana raye da yanzu ta yi jika. Tana shekara goma sha biyar ta fara zabura da safe, ludayi ya faɗi, ƙwarya ta faɗi. Ban ce ciwonku ɗaya ba, ni ba likita ba ce. Amma jiya da na ga hannunki, hannunta na gani."

Ta mayar da kallonta kan Umma.

"Na ɓoye ta. Ko ubanta sai da ya shekara bai sani ba. Asibiti ga shi nan, kuɗin mota bai gagare ni ba, amma na ce in aka gan mu a can wa zai aure ta? Na yi ta hayaƙi da rubutu a ɗaka, ina jiran ta yi aure tukuna. Wata safiya ta tashi ta tafi jan ruwa a rijiyar tsakar gida. Ina ɗaki ina ninke tabarma na ji ƙarar guga."

Ta tsaya. Ba ta yi kuka ba, ta ɗora.

"Aka ce santsi ne ya kwashe ta. Ni ma na ce santsi ne. Shekara talatin da huɗu ina cewa santsi ne. Zakari shi ya shiga rijiyar ya ɗauko ta, kuma har jiya da la'asar bai san gaskiya ba."

Umma ta fashe da kuka, ta toshe baki da mayafi.

"A gaban 'ya'yansa da matarsa na faɗa masa. Na ce Zakari, in ciwo kake gudu, ya riga yarinyar nan shiga gidanku, tun ba a haife ta ba. Ka aike ni bincike gidan mutane, ga sakamakon naka gidan. Na ce ita da aka ba ta ƙofar ƙarya a buɗe ta ƙi shiga, ni da na goya ka kuwa, shekara talatin da huɗu ina cikin ƙarya. In akwai wadda za a kora a cikinmu, ba ita ba ce."

"Me ya ce?" Abba ya tambaya a hankali.

"Ya yi kuka kamar ranar da uwarmu ta rasu. Sai bayan sallar asuba ya zo ɗakina ya durƙusa. Ya ce in gaya muku suna nan zuwa ranar da aka yi da ku, ba a ɗaga ko kwana ɗaya ba."

Ban san lokacin da na kifa kaina a ƙafafunta ba. Ina so in yi godiya, bakina ya kasa haɗa kalma, sai "Gwaggo, Gwaggo" nake ta maimaitawa. Matar da ba ta haɗa komai da ni ba ta tone asirin da ta binne tun kafin a haife ni, a gaban ƙaninta da 'ya'yansa, don kada a rufe ni yadda aka rufe 'yarta. Har in koma ga Allah ba ni da abin da zan biya ta da shi.

Abba ya cire hularsa ya goge ido. "Allah ya saka miki da Aljanna, Hajiya. Allah ya jiƙan Rabi."

"Amin. Amma ina da sharaɗi, kuma nawa ne, ba na Zakari ba." Ta dubi Umma. "Hajiya, yau za a kai ta a kwantar, a yi gwajin nan na farkawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni zan yi jinyarta, na zo da tabarmata tana wajen mai gadi. Duk wanda ya gan mu ya tambaya, a ce masa Dije ce ta kawo surukarta ganin likita."

Umma ta sauko daga kujera ta kama hannunta da hannu biyu. "Na yarda. Wallahi na yarda. Allah ya sa ki gama da duniya lafiya."

Na ɗago kai, don akwai tambayar da ta tsaya mini a wuya.

"Gwaggo, in likitar ta ce farfaɗiya ce fa?"

"Sai mu karɓi magani mu dawo gida, a ci gaba da shirin biki."

"In kuma ba ta gano ba?"

"Sai mu nemi wadda ta fi ta. Ƙafata ba ta gaji ba tukuna."

Ta sa tafin hannunta mai kaushi ta share mini hawaye, ta daɗe tana kallon fuskata.

"Rabi ba ta samu mai kai ta ba," ta ce. "Tashi ki haɗa kayanki."